Babbanmu a wurin aiki yana so in cire gwaje-gwajen da ba su goyi bayansa ba

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni injiniya ne a wani kamfanin zana furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, a Ingila, ban daɗe sosai da fara aiki ba. Ba na cikin masu zana da'irori. Aikin sashenmu shi ne mu rubuta manhajar da ke kwaikwayon furosesar da ba a ƙera ba tukuna, mu ɗora mata ayyuka, mu gaya wa masu zane ko dabarar da suka kawo za ta ƙara sauri ko ba za ta ƙara ba. Wani babba cikin masu tsara fasalin furosesar, wanda ya haife ni a shekaru kuma shi ya tsaya mini har aka ɗauke ni, ya kawo sabon tsarin firifeca, wato sashen da ke ɗauko bayanai daga babbar ma'ajiya tun kafin furosesa ta neme su. Ya riga ya gaya wa shugabanni cewa zai ƙara sauri da kashi 4 cikin 100. Da na gwada, abin da na samu bai kai kashi 1 ba, wasu ayyukan ma raguwa suka yi. Na nuna masa, sai ya ce in cire waɗanda suka ragu, wai ba irin aikin da masu saye za su yi ba ne, in kawo sauran a taron wata mai zuwa. Bizata a hannun kamfanin take, ina da iyali, ana kuma jiran abin da zan aika gida. Barci ya gagare ni. In yi abin da ya ce? Ko in nemi a mayar da ni wurin masu zane, tunda dama aikinmu ba mai ganinsa, ko mahaifina ya tambaye ni me nake ƙerawa ba ni da abin nuna masa?

Amsa:

Wa'alaikumus salam ƙanena. Allah Ya yaye maka wannan damuwa, Ya ba ka mafita ta alheri.

Kada ka cire su. Wannan ita ce amsata, kuma ba na jin akwai abin da zai sauya ta. Sai dai kafin ka ɗauki kanka mai gaskiya shi kuma mai son rufa-rufa, akwai aikin da ya rage a kanka, kuma a nan zan fi daɗewa, domin a wasiƙarka ka gaya mini abin da ka samu amma ba ka gaya mini dalilin da ya sa ka same shi ba.

Ka tuna abin da ya sa aka kafa sashenku tun farko. Daga ranar da aka fara tsara sabuwar furosesa zuwa ranar da za ta shiga kasuwa, shekaru ake ɗauka, galibi uku zuwa biyar. Da zarar an miƙa zane ga masana'anta irin TSMC ta Taiwan an fara ƙerawa, gyara ya zama na maƙudan kuɗi da watanni. Intel ta ɗanɗana wannan a 1994, lokacin da kuskure a lissafin rabawa na Pentium ya ja mata asarar dala miliyan 475. A tsawon waɗannan shekaru babu silikon, wato furosesar da aka riga aka ƙera, da za a taɓa, babu abin da za a auna. Lambar da ku ke bayarwa ita kaɗai ce idon kamfani. Kai mai awo ne a kasuwa: mai hatsi da mai saye duk sun juya baya sun bar maka mudu, ranar da aka gane ka taɓa buga gindinsa domin wani, ko da sau ɗaya ne, ba wanda zai sake yarda da awonka, har da wanda ka yi dominsa. Kuma a wannan sana'a ramin ƙarya ƙurarre ne ƙwarai. Silikon zai dawo daga masana'anta, za a ɗora masa waɗannan gwaje-gwaje da ka cire, za a ɗauko tsohon rahoto a gwama, sunan da ke jikinsa kuwa naka ne.

To amma mu koma kan manhajarka. Mutumin da ya shekara ashirin ko talatin yana wannan aiki bai cika jefa lamba haka kawai ba. Kashi 4 ɗin nan daga wani wuri ya samo shi, kuma wajibi ne ka gano wurin.

Ka san manhajar kwaikwayo mai bin kowane bugun agogo, wato kowane ɗan takun lokaci da furosesa ke aiki a kansa, irin su gem5 da takwarorinta da kamfanoni ke rubuta wa kansu, ba ta wuce umarni dubu ɗari kaɗan a daƙiƙa, alhali furosesar gaske biliyoyi take yi. Aikin daƙiƙa ɗaya sai ya ci sa'o'i. Shi ya sa ba wanda ke gudanar da SPEC CPU 2017, jerin gwajin saurin furosesa, da manhajojinta 43 daga farko har ƙarshe a kan kwaikwayo. Yanka ake yi, a zaɓi gutsattsarin da ke wakiltar sauran, da SimPoint da aka ƙirƙiro a Jami'ar Kalifoniya ta San Diyego ko wata hanya makamanciyarta. A nan tarko na farko yake. Idan gutsuren gajere ne kuma ba a ɗumama ma'ajiyar kusa, wato ƙaramar ma'ajiya mai sauri da ke cikin furosesa, ta cika da bayanai sosai kafin a fara ƙirga ba, sakamakon firifeca yana karkacewa, kuma ta kowane ɓangare yana iya karkacewa. Ma'ajiya mai sanyi tana yawaita kuskuren samun bayani, sai firifeca ta zama kamar gwarzuwa. Teburin koyonta kuma idan bai samu lokacin cika ba, sai ta zama kamar ba ta san komai ba. Ka ninka tsawon ɗumamawar, ka ga ko lambar ta motsa. Idan ta motsa sosai, ba ka da sakamako tukuna.

Na biyu, ka tabbatar abin da ka rubuta a manhajar shi ne abin da ya zana a takarda. Wannan shi ne inda matasa suka fi zamewa, ba don rashin ƙwarewa ba, sai don bayanin da ake ba su yakan zo da giɓi. Shin tasa tana tsallake iyakar shafi mai kilobait 4, taka kuwa tana tsayawa a nan? Da wane adireshi take koyo, wanda manhaja ke gani ko na ainihin ma'ajiya? A wane mataki take ajiye abin da ta ɗauko? Ka rubuta ɗan ƙaramin gwaji da hannunka, madauki guda da ke karanta jeri mai girma da tazara ɗaya tak, layi bayan layi. Duk firifecar kirki ya kamata ta kama kusan dukkan wannan. Ka buɗe bayanan bugu-bugu ka bi layi goma na farko da idonka: yaushe ta gane tazarar, yaushe ta aika buƙata, yaushe bayanin ya iso, yaushe furosesa ta nema. Idan a nan ma ta gaza, laifin yana wurinka, kuma gara ka gano shi a ɗakinka da a gano maka shi a zauren taro.

Na uku, kuma a nan nake zaton bakin zaren yake, yadda kuka kwaikwayi babbar ma'ajiya. Ɗauko bayani daga ma'ajiyar kusa ta farko bugu huɗu ko biyar ne, daga DRAM kuwa, wato babbar ma'ajiyar, ɗaruruwa. Masu tsara fasali sukan gwada sabuwar dabara da farko a kan ƙaramar manhaja mai sauri, cibiya ɗaya, wato ɗaya tak daga cikin injinan lissafin da ke cikin furosesa, inda aka yanke cewa kowace tafiya zuwa DRAM tsawonta ɗaya ne kuma hanyar ba ta cika. A irin wannan duniya firifeca ba ta da asara: ta ɗauko abin da ake so an ci riba, ta ɗauko shirme ba a rasa komai ba. A taka manhajar kuwa, idan akwai layin jira da iyakar abin da hanya ke iya ɗauka, kuma cibiyoyi da yawa suna aiki lokaci guda, kowane shirme da ta ɗauko ya tare wa buƙatar gaske hanya, ya kuma kori wani bayani mai amfani daga ma'ajiyar kusa. Ka gwada mayar da manhajarka irin tasa, cibiya ɗaya da jinkiri tsayayye. Idan kashi 4 ɗinsa ya bayyana, ka samu abu mafi daraja a duk wannan rigima: ba ƙarya ya yi ba, kai ma ba ka yi kuskure ba, tambayoyi biyu daban kuka amsa.

Sannan ka auna rufin ɗakin. Ka sa manhajar ta ɗauka cewa duk bayanin da wannan firifeca za ta iya kamawa yana nan a kusa tun farko, ka ga iyakar abin da za a samu. Lissafin da Gene Amdahl ya kafa tun 1967 bai tsufa ba. Idan kashi 10 cikin 100 na lokacin furosesa ne kawai ke tafiya a jiran irin wannan bayani, ko an kawar da jiran gaba ɗaya ƙarin saurin kashi 11 ne da ɗan ɗoriya. Idan dabarar sulusin jiran ta kawar, kashi 3 da rabi ma bai cika ba. Idan rufin da ka auna yana ƙasa da abin da aka yi alkawari, magana ta ƙare ba tare da an zargi kowa ba. Ka haɗa da lambobi ukun da duk mai wannan aiki ya sani: cikin bayanan da ake rasawa kashi nawa ta kama, cikin abin da ta ɗauko kashi nawa aka yi amfani da shi, kuma nawa ne ya iso a kan kari.

Abu na ƙarshe a wannan babi, ka nemi tsohon rahoton da aka gwama manhajarku da silikon ɗin furosesarku da ta gabata. Furosesa tana da ƙididdigogi a cikinta da ke faɗin sau nawa aka rasa bayani, sau nawa hasashen reshe, wato cankar hanyar da manhaja za ta bi a gaba, ya kuskure, da sauransu. Idan a kan waɗannan gwaje-gwajen da suka ragu manhajarku ta taɓa dacewa da silikon, hujjarka ta yi ƙarfi. Idan dama can a kansu take kaucewa, ka faɗi haka da bakinka kafin wani ya faɗa.

Yanzu maganarsa cewa waɗannan gwaje-gwaje ba sa wakiltar aikin masu saye. Kada ka yi watsi da ita don kawai ta zo a lokacin da ta yi masa daɗi. Gwaji yana lalacewa, an sha gani. A jerin SPEC na farko na 1989 akwai wata manhaja mai suna matrix300 da kusan duk lokacinta a layi ɗaya yake tafiya. Masu rubuta kompaila, wato manhajar da ke fassara rubutun manhaja zuwa umarnin furosesa, suka gano yadda za su juya wannan layi, sakamako ya yi tashin gwauron zabo ba tare da wata kwamfuta ta ƙara sauri a aikin gaske ba, aka cire ta a jerin 1992. Haka libquantum ta jerin 2006 ta yi suna wajen sa kowace firifeca ta yi kyau fiye da ƙima, saboda a jere take karanta bayananta. Ita kuwa mcf, mai bin manuni daga wannan wuri zuwa wancan ba tsari, takan wahalar da su. Don haka cire gwaji ba haramun ba ne. Amma yana da ƙa'ida. Ana tsayar da jerin kafin a ga sakamako, waɗanda ke da alhakin jerin su ke sauya shi, kuma idan an sauya, an sauya wa kowace dabara ne, ba tasa kaɗai ba. Ka tambayi kanka: da waɗannan gwaje-gwajen ƙaruwa suka yi, zai ce a cire su? Ka san amsar.

Na fahimci nauyin da kake ji. An tarbiyyantar da mu kada mu ƙaryata babba, balle wanda ya yi mana rana. Wannan tarbiyya ba aibi ba ce, kuma ba sai ka jefar da ita ba. Ka yi amfani da ita wajen yadda za ka faɗi maganar, kada ka bar ta ta taɓa abin da ke cikin teburin sakamakonka. Ka same shi shi kaɗai, ba a taro ba, ba kuma ta imel da aka jera sunayen mutane a kai ba. Ka je da takardunka, ka ce masa kana so ka fahimci inda lambarka ta rabu da tasa, ga abin da ka gwada, ga inda ka sake samun kashi 4 ɗinsa, ga abin da ya cinye shi da aka ƙara cibiyoyi, ka roƙe shi ya duba ko akwai inda ka kuskure. Ka yi wannan roƙon da zuciya ɗaya, domin yana iya nuna maka abin da ba ka gani ba.

Kuma ka je masa da hanyar fita. Firifecar da ke taimaka wa wasu ayyuka tana cutar da wasu ba matacciya ba ce, linzami take buƙata. Tun 2007 Yale Patt da ɗalibansa a Jami'ar Texas ta Austin suka wallafa aiki a kan firifecar da ke auna kanta tana cikin aiki: idan abin da take ɗaukowa ana amfani da shi ta ƙara ƙaimi, idan ta ga tana gurɓata ma'ajiya ta ja da baya. Ka gwada sauƙaƙan nau'in wannan a manhajarka. Idan raguwar ta ɓace, ribar ta tsaya a kashi 2 na gaskiya, ka ba shi abin da zai tsaya a kai gaban shugabanni. A furosesar zamani da aka riga aka tatse, kashi 2 daga dabara ɗaya ba abin rainawa ba ne. Yawancin manya da na sani a wannan fage, idan aka zo musu da dalili a asirce, sukan karɓa, ko da fuska ta ɗan ɗaure a ranar farko. Abin da ba sa yafewa shi ne a kunyata su a gaban jama'a.

Bayan kun gama, ka rubuta masa gajeren saƙo mai ladabi da ke taƙaita abin da kuka tattauna. Idan ya dage sai an nuna zaɓaɓɓun gwaje-gwajen, ka nuna su, amma a shafi ɗaya da cikakken jerin, kowanne da sunansa a rubuce ƙarara: wannan sakamakon dukkan gwaje-gwaje ne, wannan kuma na waɗanda aka zaɓa bisa shawarar wane, saboda dalili kaza. Ka jera su daga wanda ya fi raguwa zuwa wanda ya fi ƙaruwa, kowa ya ga siffar abin da idonsa. Kuma shugaban sashenka ya san halin da ake ciki kafin ranar taro. Ba ƙara za ka kai ba, sanar da shi za ka yi, domin mutuncin sashensa ne a kan layi, kuma tsaya maka a irin wannan wuri yana cikin aikinsa.

Batun biza ba zan raina shi ba. Bizar ma'aikaci a Ingila tana ɗaure da kamfanin da ya ɗauki nauyinka, kuma idan aiki ya ƙare galibi kwana 60 ake ba mutum ya samu wani ko ya tattara. Mai iyali dole ya yi tunani. Amma ka auna haɗarin biyu da kyau. Da wuya a kori injiniya don ya kawo cikakken tebur cikin ladabi. Wanda aka gano ya tace sakamako kuwa, ko ba a kore shi ba, an daina tambayarsa. Masu wannan sana'a ba su da yawa a duniya, daga Austin zuwa Haifa zuwa Bangalor suna yawo tsakanin kamfanoni ƙalilan, sun san juna, kuma labarin wanda lambarsa abin dogaro ce yana riga shi isa. Ka sabunta takardar neman aikinka don hankalinka ya kwanta, ka ɗan tara abin da zai riƙe gida na wasu watanni, amma kada ka kuskura ka fitar da wani bayanin kamfani zuwa kwamfutarka ko imel ɗinka da sunan kare kai. Wannan shi ne abin da zai iya korarka da gaske.

Ka ce aikinku ba mai ganinsa. Ban yarda ba. Intel ta gina Pentium 4 a kan tsammanin cewa agogo zai yi ta hawa har wajen gigahaz 10. Ta tsawaita layin aiki har mataki 31 a Prescott na 2004, zafi da cin wuta suka tsayar da shi a 3.8, aka soke magajinsa Tejas a wannan shekarar, aka koma kan tsarin Pentium M da injiniyoyin Haifa suka zana, daga shi aka samu Core 2 a 2006. AMD kuwa, abokiyar gogayyar Intel, bayan tsarinta na Bulldozer na 2011 ya ba ta kunya, ta yi alkawarin cewa sabon tsarinta Zen zai ƙara yawan umarnin da ake kammalawa a kowane bugu da kashi 40, da ya fito a 2017 ta sanar da kashi 52. Da yawa daga cikin irin waɗannan hukunce-hukunce an yanke su ne shekaru kafin a ga silikon, bisa hasashen mutane masu irin kujerarka. Mai zana da'ira yakan san sashensa ciki da waje. Kai kuwa kana ganin furosesar gaba ɗaya, daga hasashen reshe har DRAM, har manhajar da ke gudana a kai, shi ya sa da yawa cikin masu tsara fasali daga irin sashenku suka taso.

Idan kana sha'awar koyon RTL, wato rubutun da masu zane ke bayyana da'irori da shi, ka koya, zai ƙara wa manhajarka gaskiya, domin za ka san abin da zai shiga cikin bugu ɗaya da wanda ba zai shiga ba. Ka nemi a ba ka aikin gwama kwaikwayo da RTL na wani sashe, hanya ce mai kyau ta shiga. Amma ba yanzu ba. Idan ka nemi canjin wuri a tsakiyar wannan magana, kowa zai ɗauka gudu ka yi, kuma irin wannan matsin yana jiranka a can ma, sai dai a kan lokaci da faɗin silikon maimakon sauri.

Shi kuwa Baba, ka gaya masa kai ne mai gwada injin kafin a ƙera shi, kai ke faɗin ko zai yi gudu ko ba zai yi ba, kuma ana kashe dukiya bisa maganarka. Zai gane, ya sa maka albarka.

Wata guda ya ishe ka idan ka fara gobe. Ka soma da ɗan ƙaramin gwajin tazara, sannan cibiya ɗaya da jinkiri tsayayye, sannan rufin ɗaki. Ka same shi da saura aƙalla mako biyu kafin taron, domin shi ma yana buƙatar lokacin da zai gyara abin da ya gaya wa na sama da shi. Ka gaya wa maiɗakinka abin da ke hana ka barci, kada ta yi ta zaton wani abu daban. In Allah Ya kai mu bayan taron, ka rubuto mini yadda ta kaya, ba sai ka sa wani sirrin kamfani a ciki ba.